Yadda ake sauya wa doki mai lallausan ciki abinci ba tare da an jawo masa ciwon ciki ba

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan magana na daɗe ina son in zauna in rubuta ta, don kusan duk lokacin da wani ya kira ni hankali tashe yana cewa dokinsa na birgima ko yana ta zawo, in na bi diddigi sai in tarar a cikin satin nan aka sauya masa abinci, ko buhu ya ƙare aka sayo wani iri, ko kuma ingiricin da ya saba ya ƙare aka kawo na wani wuri. Ni ma abin ya taɓa faruwa da ni, shi ya sa nake jin zafinsa. Ina da wata goɗiya mai wahalar ciki, da ma tana da tarihin olsa, ranar nan tsohon abincinta ya ƙare da daddare na ce ai duk abincin doki ne, na buɗe sabon buhu na zuba mata cikakken awo safe da yamma. Kwana biyu ba a yi ba na same ta tsaye ta ƙi taɓa komi, tana waiwayen kwiɓinta tana tona ƙasa da ƙafar gaba, gumi ya jiƙa mata wuya. Wallahi daren nan ban runtsa ba, ina riƙe da igiya ina zagayawa da ita har likita ya iso. Allah ya sa ta tashi, amma tun daga ranar ban ƙara wasa da wannan abu ba.

Kafin mu shiga matakan bari in ɗan faɗi abin da ke faruwa a cikin cikin, don in ka gane shi sauran duk za su zo maka da sauƙi. Tumbin doki ƙarami ne in ka kwatanta da girman jikinsa, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka, kuma yana zubo da asid dare da rana ko da abinci ko babu. Ainihin aikin narkar da ciyawa can baya ake yin sa, a babban hanji, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su bakteriya da danginsu, ke zaune suna sarrafa abin da ya ci. Waɗannan halittun kowane rukuni da irin abincin da ya iya, in doki ya shekara yana cin abu ɗaya to rukunin da ya iya wannan abun ne ya yi yawa. Ka sauya abinci farat ɗaya, musamman zuwa mai sitaci da suga da yawa, sai sitacin da ƙaramin hanji bai gama narkarwa ba ya gangara babban hanji ya yi tsami, iska ta taru, masu narkar da ciyawa su fara mutuwa, gubar da ke fita daga jikinsu ta shiga jini. Daga nan ne ake samun murɗar ciki da zawo, har da ciwon kofato da likitoci ke kira laminaitis. Kuma ka tuna doki ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga, sai dai ya bi hanya ya fita ta baya. Toh kai da kake ganin doki kake sauya wa abinci, a gaskiya waɗancan halittun kake lallaɓawa, su kuma sai a hankali suke sabawa.

Mataki na farko, ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa ma za ka sauya. In dokin ramewa yake yi, ko yana zubar da abinci daga baki in yana tauna, ko gashinsa ya dushe, ba lallai laifin abincin ba ne, sau da yawa haƙora ne suka yi kaifi suna yankar kunci, ko tsutsar ciki. A fara kiran likitan dabbobi ya duba baki ya duba kashi. In kuma dokin ya taɓa laminaitis ko yana da matsalar suga a jini, irin masu tara kitse a doron wuya, to zaɓen abincin ma da likita za a yi shi, don irin waɗannan ana so sitaci da suga in an haɗa kada su wuce kamar kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na abin da suke ci.

Sannan ka zaɓi lokaci. Kar ka fara sauyi a satin da za a yi tafiya da shi a mota, ko satin da aka ba shi maganin tsutsa ko allurar rigakafi, ko aka mayar da shi sabuwar barga, ko yana farfaɗowa daga wani ciwo. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Dalili kuwa in ka haɗa abubuwa uku ya fara zawo ba za ka san wanne ne ya jawo ba, sai ka yi ta lalube.

Mataki na biyu shi ne awo, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ka san nauyin dokinka tukuna. In babu babban sikeli, tef ɗin awo ya isa: ka zagaya ƙirjinsa daidai bayan ƙafafun gaba, inda majanyin sirdi ke zama, ka rubuta santimita nawa ne, sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Ka ninka awon ƙirjin da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877. Misali ƙirji 170, tsawo 165, zai ba ka wajen kilo 400. Ba daidai cif yake ba amma ya fi kintace da ido nesa ba kusa ba. Da wannan doki mai kilo 400 zan yi ta misali har ƙarshe.

Daga nan ka samo ƙaramin sikeli, ko irin na rataye ɗin nan, ka auna abin da yake ci yanzu da kilo. Don Allah a daina cewa kwano biyu nake ba shi. Kwano ɗaya na masara ya fi kwano ɗaya na hatsin oat nauyi sosai, kwanon felet (abincin da aka dunƙule ƙanana-ƙanana da inji) daban, kwanon dusa daban, in ka musanya kwano da kwano kana iya ninka masa sitaci ba ka sani ba. Masara kusan kashi biyu cikin uku nata sitaci ne, kuma sitacinta ya fi na oat wuyar narkewa a ƙaramin hanji in ba a sarrafa ta da zafi ba, shi ya sa ni dai doki mai lallausan ciki ba na son ganin masara da yawa a kominsa. Ƙa'idar da ake bi ga irin waɗannan dawakai ita ce kada sitaci ya wuce giram 1 a kan kowane kilo na nauyin jiki a ci ɗaya, wato dokinmu giram 400. In buhu ya ce sitacinsa kashi 30 ne, kilo ɗaya na ɗauke da giram 300, ka ga yana cikin iyaka. Kilo ɗaya na zallar masara kuwa ya haura giram 600, ya wuce.

Ka karanta takardar jikin buhun da kyau, ranar da aka yi shi, ranar lalacewa, da adadin da suka ce a bayar, don ba dole ne sabon ya zama daidai nauyin tsohon ba, wani ya fi wani ƙarfi. Ka buɗe ka shinshina, ka cusa hannu har tsakiya, in ka ji ɗumi ko warin fumfuna ko ya dunƙule, mayar da shi. Sannan wata magana da nake so kowa ya riƙe: kar ka kuskura ka ba doki abincin da aka haɗa don shanu ko kaji. Ana sa wa wasunsu wani magani mai suna monensin, ga shanu lafiya lau, ga doki kuwa ɗan kaɗan ya isa ya lalata masa zuciya ya kashe shi.

Mataki na uku, ka tabbata kana da isasshen tsohon abinci kafin ka fara. Wannan shi ne kuskurena da goɗiyar nan. Doki mai lafiyayyen ciki ana iya sauya masa cikin kwana 7 zuwa 10, amma mai lallausan ciki ni sati uku nake ba shi, wani ma har wata guda. In dokinmu na cin kilo 2 a rana, sati ukun nan zai cinye maka wajen kilo 20 na tsohon, ka ƙara wasu kilo 5 ko 10 a ajiye saboda ko za a koma baya. Wato tun tsohon na da sauran kilo 25 zuwa 30 ya kamata ka sayo sabon, ba sai ka ga gindinsa ba.

Mataki na huɗu, kwana uku kafin ka fara, ka san dokinka yadda yake in yana lafiya. Sami ɗan littafi ka rataye a barga. Zafin jiki da tamomita, wato ma'aunin zafi, ta dubura, na lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 na Celsius. Bugun zuciya in yana hutawa 28 zuwa 44 a minti, za ka ji shi a ƙarƙashin muƙamuƙi in ka ɗora yatsu a kan jijiyar da ta ratsa ƙashin. Numfashi 8 zuwa 16. Ɗaga leɓe ka kalli dasashi, ya zama ruwan hoda mai danshi, in ka danna da yatsa ya yi fari ya dawo da launinsa kafin sakan biyu. Ka kara kunne a kwiɓinsa dama da hagu ka saba da ƙugin cikinsa. Ka ƙirga tulin kashi, yawanci 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, ka kuma lura da kamanninsa, na lafiya dunƙule-dunƙule ne masu ɗan sheƙi da ke fashewa in sun faɗi ƙasa. Sai ka shafa kofatai huɗun da tafin hannu ka ji ɗuminsu, ka laluba jijiyar bayan idon sawu, a doki mai lafiya da ƙyar za ka ji tana bugawa. Na san wani zai ce wannan ai aiki ne, eh aiki ne, amma minti biyar ne, kuma ranar da abu ya ɓaci wannan littafin ne zai gaya maka tun kafin dokin ya kwanta.

Mataki na biyar, haɗawar kanta. Ga yadda nake yi da mai cin kilo 2 a rana:

Kwana 1 zuwa 3: sabo giram 200, tsoho kilo 1.8
Kwana 4 zuwa 7: sabo giram 500, tsoho kilo 1.5
Kwana 8 zuwa 12: rabi da rabi, kilo ɗaya-ɗaya
Kwana 13 zuwa 17: sabo kilo 1.5, tsoho giram 500
Kwana 18 zuwa 21: sabo kilo 1.8, tsoho giram 200
Daga kwana na 22 sabo zalla.

Wannan adadin na yini ne gaba ɗaya, sai ka raba shi gida uku, safe da rana da yamma, in hali ya yi ma gida huɗu, kuma a kowane ci ka cakuɗa sabon da tsohon sosai, ba wai safe tsoho yamma sabo ba. Wasu dawakan akwai wayo, za su tsince wanda suke so su bar ɗayan, in ka yayyafa ɗan ruwa ka juya da hannu sai su kasa rabawa. In felet ne kuma dokin mai haɗama ne ko tsoho ne da haƙora suka ƙare, jiƙa shi ya yi laushi tukuna don busasshe na iya tsaya masa a maƙogwaro, za ka ga abinci da yawu na fitowa ta hanci, abin ba kyan gani. Abin da aka jiƙa kuma a ba shi a lokacin, kar ya wuni a bokiti ya yi tsami.

Ranar ƙari, ka yi ƙarin a cin safe don ka samu yini guda kana kallonsa da ido, kar ka ƙara da daddare ka tafi ka kwanta. Kuma kullum ka fara ba shi ingirici ya ci na kamar minti 20 ko 30 kafin ka kawo abincin buhu. Doki sai yana tauna yawunsa ke zuba, yawun nan shi ke rage kaifin asid, ciyawar kuma ta yi kamar katifa a tumbi, sannan ba zai afka wa komi da yunwa ya haɗiye ba tauna ba.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, maganar ciyawa. Mutane na lallaɓa abincin buhu amma su sauya ingirici dare ɗaya kamar ba komai, alhali shi ne mafi yawan abin da ke cikin dokin. Dokinmu mai kilo 400 na buƙatar aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa a busasshiyar ciyawa kullum, wato kilo 6 zuwa 7, ka ga ya ninka abincin buhu sau uku. Sauyin ingirici na cikin manyan abubuwan da aka sani suna jawo murɗar ciki, ko da iri ɗaya ne in dai daga wata gona ya fito ko yankan wani lokaci ne daban. Don haka shi ma haɗa shi za ka yi, kashi ɗaya cikin huɗu na sabo na kwana uku ko huɗu, sai rabi, sai kashi uku, cikin sati biyu. In daga ciyawa zalla za ka koma mai ganyen dangin wake irin su alfalfa, wadda ta fi ƙarfi da furotin, ka ƙara jan lokacin. Kuma kar ka sauya ingirici da abincin buhu a tare, gama ɗaya, ka bar sati guda cikinsa ya zauna, sannan ka taɓa ɗayan. Ni ingirici nake fara sauyawa in duka biyun ne suka kama.

Ɗanyar ciyawa ma haka, ko ma ta fi. Dokin da ya yi watanni a kan busasshe ka sake shi cikin sabon tsiro ya wuni, kana neman zawo ko laminaitis da kanka. Fara da minti 15 a rana, bayan ya ci ingirici ya ɗan ƙoshi, kana ƙara minti 15 duk kwana ɗaya ko biyu har ya kai awa uku zuwa huɗu. Da sassafe suga ya fi ƙaranci a ciyawa don ta kwana tana amfani da shi, da yamma bayan ta sha rana ya fi yawa, sai dai in daren an yi sanyi mai tsanani, nan kam ko da safen ma sugan na nan.

Ruwa kuwa kar ya yanke ko na awa ɗaya, mai tsabta. Lissafin shi ne kamar lita 5 a kan kowane kilo 100, dokinmu lita 20 ke nan, in ana zafi ko yana aiki ya kan ninka. Da bokiti nake ba su a lokacin sauyi don in san nawa aka sha, saboda dokin da ya rage shan ruwa yana kan busasshen abinci shi ne kashi ke toshe wa hanji. Gishiri cokali ɗaya a abinci na taimakawa ya ji ƙishi. Kar a zuba abinci a kan yashi, yana haɗiyewa ya taru a hanji. Kar kuma a bar shi sama da awa huɗu zuwa biyar ba abin taunawa, musamman mai olsa. Ɗan motsa jiki kullum, ko jan sa da igiya ne na minti 20, yana sa hanji ya yi aiki.

Mataki na shida, karanta abin da dokin ke gaya maka. In kashi ya ɗan yi laushi amma yana ci yana sha idonsa garau, kar ka ƙara, ka tsaya a inda kake kwana uku ko huɗu. In bai daidaita ba koma matakin baya, ka zauna a can har kashi ya dawo yadda ka rubuta a littafi, sannan ka sake gwadawa da rabin ƙarin da ka yi a da. Jadawalin can na sama ba dole ba ne a cika shi a kwana 21, goɗiyata sai da muka yi kusan sati biyar a sauyin da ya biyo baya. In ya ƙi ci sam, rage sabon ya koma ɗan barbaɗe, kar ka yi masa horon yunwa wai zai ci dole, kuma kar ka bulbula masa abin zaƙi don ya ci, ka ƙara wata matsalar ne. In kuraje suka fito masa a fata ko ya fara ƙaiƙayi bayan fara sabon, dakata ka gaya wa likita.

Amma akwai alamun da ba a jira. Ya ƙi abinci gaba ɗaya, yana waiwayen ciki, yana harbin cikinsa da ƙafar baya, yana kwanciya yana tashi, yana birgima, gumi ba aikin komai, ko cikin ya yi tsit ba ƙugi, ko an yi awanni ba kashi, ko zawo kamar ruwa, ko bugun zuciya ya haura 50 yana tsaye, ko dasashi ya yi ja jawur ko ya yi fari fat. Kwashe abinci duka daga gabansa ka kira likita a take. Kar ka ɗura masa mai ko wani jiƙo ta baki, yana iya bi ta hanyar iska ya shiga huhu, kuma kar ka yi masa allurar kashe zafi kafin ka yi magana da likita don tana ɓoye alamun da zai duba. In yana son faɗuwa ya yi birgima ka ja shi a hankali, amma ba sai ka gajiyar da shi ba, in ya kwanta shiru ƙyale shi.

Na kofato kuma daban yake zuwa, kuma ya kan makara, kwana ɗaya ko biyu bayan ya ci abin da ya fi ƙarfinsa. Za ka ga yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, juyawa na yi masa wuya, ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya, kofato da zafi, jijiyar bayan idon sawu na bugawa da ƙarfi har ka ji ta a yatsa. Wannan kar ka ja shi yawo ko kaɗan. Tsayar da shi a wuri mai laushi, sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, a kira likita. Haka in ya ɓalle ya shiga ɗakin ajiya ya cinye rabin buhu, kar ka ce ai ga shi nan lafiya, kira tun bai nuna komai ba.

Bayan ya koma sabon zalla ka ci gaba da duba littafin nan na ƙarin sati biyu, kana sa tef a ƙirjinsa duk sati a wuri ɗaya, da safe kafin ya ci. Sai an yi wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ka ga ainihin tasirin abincin a jikinsa da gashinsa, don haka kar ka yanke hukunci a sati na biyu ka sake tsalle zuwa wani buhun. In kana son ƙara masa mai don ya yi ƙiba, shi ma sai bayan nan, ka fara da cokali biyu a rana kana ƙarawa duk bayan kwana uku. Kuma duk wanda ke taya ka ba da abinci, yaro ne ko mai kula da barga, ka auna masa na kowane ci a leda ko roba daban ka rubuta rana da lokaci a jiki, ka nuna masa littafin da inda lambar likita take.